Kulocin Yaya

Sana'ata gyaran giya ce. Ba na taɓa inji, ba na taɓa waya, ba ruwana da fenti. Idan motarka ta ƙi shiga giya, ko ta shiga ta ƙi fita, to a nan ne za a kwatanta maka garejina. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, na ga masu mota iri-iri, amma ban taɓa samun wanda ya ba ni ciwon kai kamar yayana ba, wanda muke ciki ɗaya.

Yaya yana da wata jar motar tsere mai ƙofa biyu. A manne take da ƙasa, sai ka durƙusa kafin ka shiga, in za ka fita kuma sai ka dafa wani abu. Kujeru biyu gare ta. Mutum mai 'ya'ya biyar ya sayi mota mai kujera biyu, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka ko wane ne Yaya. Manuwal ce, giya shida da ribas, kulocinta kuma tauri gare shi kamar kana taka kututture. Wannan taurin ne abin alfaharinsa.

Duk Asabar da safe yana kai ta wurin wanki, inda yake haɗuwa da abokansa masu irin cutarsa. Su bakwai ne, duk sun ba hamsin baya, kowa da tumbinsa, kowa da motar da ta fi dacewa da ɗansa. Sai su jera kujerun roba a inuwa, ana wanke musu motocin da ba su yi datti ba, su kuwa suna zagin masu otomatik har rana ta take. Yaya ne uban tafiya. Maganarsa kullum ita ce, mai otomatik ba direba ba ne, fasinja ne aka ba shi sitiyari ya riƙe don kada ya yi gyangyaɗi. Mai taya shi kuwa wani lauya ne mai tabarau, wanda suke abota tun makaranta, kuma tun makarantar ba wanda ya taɓa yarda ɗan'uwansa ya fi shi. Kowa Lauya yake ce masa, har matarsa.

Wata Lahadi da safe, ranar da ba na buɗe gareji, Yaya ya kira ni ya ce in same shi a can. Na tarar da shi zaune cikin motar, ƙofa a buɗe. Sai da ya sa hannu biyu ya ɗago ƙafarsa ta hagu kafin ya iya fitar da ita.

"Auta, ja ƙofar garejin nan ka rufe," in ji shi.

Shekarata arba'in da takwas, ga furfura a gemuna, amma a bakin Yaya har yau Auta nake. Na ja ƙofar.

Ya zaro hoton asibiti daga ƙarƙashin kujera ya miƙo min, kamar ni ne zan karanta.

"Guringuntsin gwiwar ya cinye. Likita ya ce ƙashi ke gugar ƙashi. Ya ce in na ci gaba da taka kuloci, ba zan kai baɗi ba sai an yi min aiki, kuma ko an yi, ba lallai ta koma lanƙwashewa kamar da ba."

"To ai da sauƙi, Yaya. Ka rabu da wannan, ka nemi otomatik."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarmu.

"Ni? Bayan shekara ashirin ina faɗar abin da nake faɗa? In shiga wurin wanki da otomatik, Lauya yana zaune? Ai gara a yanke ƙafar."

"Likitan ma kusan abin da yake nufi ke nan."

"Ban kira ka don ka yi min rashin kunya ba. Zauna ka ji."

Abin da yake so shi ne in sauke giyabos ɗin manuwal in ɗaura na otomatik, amma in bar fedar kuloci a inda take, in bar sandar giya tana shiga ɗaya, biyu, har shida, yadda duk wanda ya leƙa zai rantse ba abin da ya canza. Shi kuma ƙafarsa ta huta. Sai in akwai wani a gefensa ne zai riƙa taɓa fedar, don ganin ido.

Ya kamata in ce a'a. Na sani, kuma matata ta tuna min ba sau ɗaya ba. Amma ni ma ina da tawa cutar: in aka kawo min aikin da ake ganin ba zai yiwu ba, hankalina ba ya kwanciya sai na gwada. Kafin Yaya ya gama bayani na riga na fara tunanin inda zan ɓoye wayoyi.

Sati uku na yi a kanta, a ƙuryar gareji, a lulluɓe da tamfol. Na samo giyabos daga wata irinta da aka daka ta baya, da kwamfutarsa da komai. Na ƙara ɗan lagireto na sanyaya man giya a gaban na ruwa. A ƙarƙashin sandar giya na jera ƙananan makunnai. In ka tura ta ribas, mota ta ja baya. In ka bar ta a tsakiya, ta zauna firi. In kuwa ka sa ta a kowace lamba daga ɗaya zuwa shida, duk abu ɗaya ne, gaba kawai, sauran aikin na giyabos ne. Makunnin fakin na ɓoye shi a ƙarƙashin sitiyari. Fedar kuloci kuwa na raba ta da komai, na rataya mata wani sifirin mai laushi wanda ko yatsa ya isa ya danna shi. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ba ni da damar nuna wa kowa, abin da ya daɗe yana cin raina.

Ranar da ya zo ɗauka na zaunar da shi na yi masa karatu.

"Yaya, manuwal tana da haƙuri, ko ka yi shekara biyar ba ka kula ta ba za ta yi ta tafiya tana ƙara. Wannan ba ta yafiya. Man giyarta ja ne, ba irin mai kaurin nan da ka saba ba. Duk wata a duba shi. In ya fara baƙi ko ya yi warin ƙuna, ka kawo a juye a canza filta. Kada ka sa ribas sai ta tsaya cak. In batir ya mutu kuma, kada ka ce a tura, ba za ta tashi ba, sai dai ka tona wa kanka asiri."

Duk cikin karatun, wannan na ƙarshen kaɗai na ga ya shiga kunnensa. Sai kuma maganar jan mai. Ya ce ba za a ga galan ɗin jan mai a but ɗinsa ba, in juye masa a tsohon galan na baƙin mai. Na juye.

Wata biyu abin ya yi kyau. Kumburin gwiwar ya sace, Yaya ya koma hawa bene ba tare da dafa bango ba. Wata rana matarsa ta biyo ta gareji a hanyarta ta dawowa daga aiki, ta tsaya a bakin ƙofa don kada mai ya ɓata mata takalmi.

"Ƙanina, ban san me ka yi wa motar nan ba, kuma ba na son sani. Amma yayanka ya daina nishi in zai zauna. Allah ya yi maka albarka."

Na ji daɗi har cikin raina. Na ɗauka na ceci ƙafar ɗan'uwana, kuma na cece ta ba tare da na taɓa girmansa ba.

Sai Lauya ya shigo cikin maganar. Wata Asabar, ana goge motar, inji a kashe, ya buɗe ƙofa ya faɗa kujerar direba kamar yadda suka saba yi wa juna. Ya taka fedar sau biyu, ya leƙo ta taga.

"Wannan kulocin naka ai ya koma burodi. Ko dai tsufa ya fara sallama ne, aka sassauta maka?"

Aka yi dariya. Yaya ma ya yi, in ji shi, amma washegari tun kafin in karya kumallo ya kira ni, yana bakin gareji.

"Ƙara masa tauri."

"Yaya, fedar nan ba ta riƙe da komai. Taurin me zan ƙara mata?"

"Taurin da za a ji."

"Wa zai ji? Gwiwarka ce za ta ji."

"Ai ba kullum nake takawa ba. Sai in da mutum a motar."

Na canza sifirin, na sa matsakaici. Asabar ta zagayo, Lauya ya sake zama, ya taka, ya taɓe baki ya ce da dama-dama, amma jikarsa ma za ta iya. Lahadi Yaya ya dawo. Wannan karon na ƙi. Muka yi ta yi har muryoyi suka tashi, na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba, cewa mutum mai shekara hamsin da tara yana wasan yara da ƙafarsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba komai, akwai mai walda a bakin titi, zai kai masa. Na san mai waldan nan. In ya leƙa ƙarƙashin motar da safe, kafin yamma gari ya gama ji. Yaya ma ya san na sani, shi ya sa ya faɗa.

Na shiga tarkacen bayan gareji na tono sifirin na wata tsohuwar babbar mota. Da ƙyar na maƙala shi, sai da na sa ƙarfe na banƙare. Da na gwada da ƙafata, ya fi kulocin asali tauri nesa ba kusa ba. Yaya ya taka, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya yi murmushi ya ce yanzu ne na yi aiki. Da hannuna na ɗaura wannan abu, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Daga nan kuma ya daina tafiya shi kaɗai. Mutumin da a da ko 'ya'yansa ba ya ɗauka don kada su ɓata masa kujera, ya koma mai rage wa mutane hanya. Yau ya ɗauki Lauya, gobe maƙwabci, jibi wani da suka rabu a wurin aiki shekara goma da suka wuce. Tunda an taɓa zarginsa da laushi, dole kowa ya shiga ya gani da idonsa.

Sau ɗaya na shiga, da sunan zan saurari giyar. Ban taɓa ganin wahala irin wannan ba. Da can shi ke canza giya lokacin da ya ga dama. Yanzu giyabos ke canzawa lokacin da ya ga dama, Yaya kuma ya kasa kunne, da ya ji ƙarar inji ta sauka sai ya yi wuf ya taka feda ya ja sanda, a makare, kamar ɗalibin da ke motsa baki bayan an gama karatu. Ga shi giyabos ɗin giya takwas gare shi, sandar kuwa shida. In aka kai ta bakwai ba sauran ramin da zai sa sandar, sai ya taka fedar kawai ya kai hannu ya murɗa rediyo. A cunkoso abin ya fi muni, mota na hawa tana sauka tsakanin ɗaya da uku, shi kuma yana bin ta, gumi na zuba ta bayan kunnensa. Daga gareji zuwa shataletale ya taka fiye da sau arba'in.

"Yaya, ni ne fa. Ni na ɗaura. Wa kake nuna wa?"

"Ƙafar ce ta saba," in ji shi, bai ko dube ni ba.

Matarsa ta sake zuwa. Wannan karon ta shigo har ciki, ba ta ko duba inda take takawa ba.

"Ya koma ɗaga ƙafar da hannu. Jiya a zaune ya hau bene, da baya, yana ce wa yara motsa jiki yake. Ko me ka yi da farko, ka koma ka yi shi."

Na je gidan da sifana a aljihu, niyyata in cire sifirin ɗin ko yana so ko ba ya so. Na tarar da motar a kulle, mukullin a aljihun Yaya, Yaya kuma a falo ya miƙe ƙafa a kan tebur, da ƙunshin ƙanƙara a gwiwa, yana gaya min gurɗewa ya yi a banɗaki. Na roƙe shi. Na ce ya ba ni minti goma kawai. Ya ce in an kawo shayi in sha in tafi, iyalina na jirana.

Sati biyu bayan nan Lauya ya kira ni da tsakar rana. Ya ce suna cikin tafiya gwiwar Yaya ta riƙe, ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwashewa, da ƙyar ya gangara gefen titi. Ya yi ya yi ya karɓi tuƙin ya kai shi asibiti, Yaya ya ƙi, ya zare mukulli ya damƙe, ya ce ba mai tuƙa motarsa sai ƙaninsa. Lokacin da na isa sun fi awa ɗaya a cikin rana. Leɓen Yaya ya bushe, rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma mukullin na nan a damƙe. Mu uku muka ciro shi, ni da Lauya da wani mai wucewa, daidai nan matarsa ta iso, muka kwantar da shi a bayan motarta, otomatik ɗin da ya yi shekaru yana kira keken ɗinki. Kafin a rufe ƙofa ya jawo ni ya sa min mukullin a tafin hannu.

"Ka taka kuloci in za ka tashi," ya ce a kunnena. "Yana kallo."

Na taka. Allah ya gani na taka, kuma sai da tawa gwiwar ta amsa.

Ranar da aka yi aikin, ni da Lauya muka zauna a benci a bakin ɗakin tiyata. Matar Yaya tana can ƙarshen baranda ta juya mana baya, kuma ban ga laifinta ba. Can Lauya ya cire tabarau yana gogewa.

"Injiniya, ka duba ɗigar nan kuwa? Tun watan jiya nake ganin jan mai a inda motar take tsayawa. Kada giyabos ɗin ya ƙone a banza, aiki ne mai kyau."

Na juyo na dube shi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Asabar ta farko. Ya tsaya yana gaisawa da mu, sanda a giya ɗaya, ƙafar hagu a miƙe tana hutawa, mota kuma ba ta mutu ba. Motar nan a ƙasa take, in kana tsaye har takalminsa kana gani. Ba ni kaɗai ba, duk mun sani."

"To maganar laushin kuloci fa? Sau biyu ka zauna ka taka."

"Tsokana ce. Jira muke ya yi dariya ya ce kun kama ni, shi ke nan kowa ya huta." Ya mayar da tabarau, ya shafa tasa gwiwar. "Ka san mu huɗu ne a cikinmu ke shan maganin gwiwa? Amma ba wanda zai fara canzawa yayanka na zaune. Shi ya kafa dokar."

"Da ya ƙara taurin fa? Ba ka ga yana ɗingishi ba?"

"Na gani. To me zan ce masa? In ce na sani? Ai ba zai sake iya kallon idona ba."

Na so in shaƙe shi. Na so in shaƙe su duka bakwai, in haɗa da kaina cikon na takwas. Maimakon haka na zauna ina kallon ƙasa.

"In komai ya lafa zan kawo maka tawa," in ji Lauya a hankali. "Irin aikin nan dai. Amma ka bar min fedar, mai laushin, saboda mutane."

"Waɗanne mutane?"

Daidai lokacin likita ya fito.

Likitan ya ce aiki ya yi, amma ɓarnar ta wuce abin da hoto ya nuna. Gwiwar za ta ɗauke shi, da sanda, sai dai ba za ta lanƙwashe ko rabi ba. Ya tambaya wane irin aikin ƙarfi mutumin nan yake yi da ƙafa ɗaya. Ni da Lauya muka dubi juna. Ni dai abin da ya zo min a rai shi ne, ƙafar da ba ta lanƙwashewa ba za ta sake shiga jar motar nan ba, ko a kujerar direba ko ta fasinja.

Da yamma aka bar mu muka shiga ɗaya bayan ɗaya. Na same shi kwance, ƙafar a naɗe tun daga cinya har idon sawu, an ɗora ta a kan matashi. Ya tsufa a yini ɗaya. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"Auta, likita ya gaya min komai." Ya dubi ƙafar. "Ba damuwa. Amma ka faɗa min gaskiya. Ranar nan da ka ja motar a gabansa, Lauya bai gane ba ko?"

Ta gilashin ƙofa ina hango Lauya a tsaye da ledar lemo a hannu, yana jiran in fito.

"Bai gane ba, Yaya."

"Ka tabbata?"

"Cewa ma ya yi bai san yadda kake iya taka wannan kulocin ba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya lumshe ido, murmushi ya bazu a fuskarsa.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Ba a yi wahalar banza ba."

Na gyara masa matashin da ke ƙarƙashin ƙafar, na fita na ce wa Lauya ya shiga.